Tsohuwar Hondar da ta fi sabuwa tsada: tafiyarmu Japan

Yayana ɗan kasuwar kayan gyaran mota ne a Ƙofar Ruwa. Ya shekara da shekaru yana karɓar kwantenar injuna da giyabos daga hannun wani Bafakistane mazaunin Japan, ba su taɓa ganin juna ba sai ta waya. A kakar 2024 mutumin ya aiko masa da takardar gayyata, ni kuma na samu shiga a matsayin mai riƙe lissafi da yin tafinta. Biza ta fito bayan 'yan kai-komo a Abuja, muka ɗaure kaya.

Daga Kano muka hau jirgin Habasha zuwa Addis Ababa, muka sauya wani. Shi ma bai zarce ba, sai da ya yada zango a Incheon ta Koriya ta Kudu kafin ya ƙarasa Narita. Tafiya ce mai karya gaɓɓai. Japan tana gabanmu da awa 8, don haka lokacin da jikinka yake neman barci su kuma gari ya waye musu.

Abin da ya fara kama ni shi ne shiru. Jirgin ƙasa cike da mutane, amma ba mai ɗaga murya, ba mai amsa waya. Yayana, wanda in yana magana a shago ana jiyo shi daga layi na uku, sai ga shi yana yi mini raɗa. Mai masaukinmu ya tarye mu, mutum mai furfura a gemu da fara'a, yana jin Japananci kamar a can aka haife shi. Ya rungume Yaya yana cewa, "Alhaji, yau dai na ga fuskar mai kuɗina." Ya kai mu wani ƙaramin otal kusa da Yashio, a jihar Saitama, arewa da Tokyo kaɗan. Ɗakin tsaf, amma in ka shimfiɗa darduma sai ka ɗaga jaka ka ɗora kan gado. A lokacin yen ɗaya yana kusan naira 11, don haka duk abin da na gani sai na ninka a zuci. Dunƙulen shinkafa naɗe da ganyen teku da ake sayarwa a kantunan bakin hanya yen 150 ne ko sama kaɗan, wato fiye da naira 1,600. Kwana ɗaya a ɗakin nan kuwa ya kusa naira dubu ɗari.

Yashio gari ne da Fakistanawa suka yi yawa a cikinsa, kuma cinikin tsofaffin motoci ne ya tara su, saboda manyan kasuwannin gwanjon mota suna kusa. Akwai masallaci, akwai gidajen abinci na halal. Ba mu sha wahalar ci ba. Biryani da naman rago, da miyar nama mai kauri da ake dangwala da gurasa, da shayi mai madara wanda bai da maraba da na teburin mai shayi a gida sai dai ƙamshin kayan yaji. Mai masaukin nan bai bar mu mun biya ko sau ɗaya ba. Duk lokacin da Yaya ya sa hannu a aljihu sai ya riƙe masa hannu ya ce baƙo ba ya biya a gaban mai gida.

Washegari ya kai mu yadinsa. Nan ne sana'ar Yaya take: motoci an yanke su rabi, injuna jere kan katako, kowanne da lamba da alli. Suna can suna ƙirga injunan Toyota sai idona ya faɗa kan wata mota a kusurwa, cikin rumfa ita kaɗai, an lulluɓe ta da mayafi. Na tambaya. Mai masaukin ya yi murmushi, ya je da kansa ya yaye.

Honda ce, ruwan azurfa, gajera har tana neman taɓa ƙasa, mai dogon bonet da kujeru biyu kacal. Rufinta baƙin yadi ne. Ya saki maɗaurai biyu a saman gilas, ya danna maɓalli, cikin kimanin daƙiƙa 6 rufin ya naɗe ya koma baya, mota ta zama buɗaɗɗiya. Sunanta S2000, ƙirar 1999. Mu a gida mun san Honda da Hala da Henesi, motocin iyali da na ma'aikata, masu jure rami da sauƙin gyara. Ban taɓa kawo wa raina cewa kamfanin ya ƙera irin wannan ba.

Yaya ya zagaya ta sau ɗaya, ya leƙa but, ya ce, "Wannan ko buhun shinkafa biyu ba za ta ɗauka ba. Nawa injinta?"

Mai masaukin ya kama baki. "Alhaji, wannan ba a yanka ta. Da aka fito da ita sabuwa a watan Afrilun 1999, yen miliyan 3.38 ake sayar da ita. Yau in ka ba ni wannan kuɗin ba zan sallama ba."

Mota mai shekara 25 ta wuce kuɗinta na sabuwa. A lissafin kasuwarmu wannan magana ba ta da kai. A wajenmu mota tana fara zubar da daraja tun ranar da ta bar wajen dillali, kowace shekara tana raguwa, har ranar da 'yan gwangwan za su auna ta a sikeli. Na zauna a kujerar direba, mai masaukin yana tsaye yana yi mini bayani, kuma daga nan tafiyar ta sauya mini fuska. Yaya ya zo sayen injuna, ni kuma na koma bin sawun wannan mota.

Honda ta ƙera ta ne don murnar cikar kamfanin shekara 50, tunda a 1948 Soichiro Honda ya kafa shi. Injiniyan da ya jagoranci aikin shi ne Shigeru Uehara, wanda ya yi wa Honda motar NSX kafin nan, kuma a masana'antar Takanezawa da ke jihar Tochigi, inda ake haɗa NSX ɗin, aka fara haɗa ta, kafin a mayar da aikin Suzuka a 2004. Injinta lita 2 ne kawai, daidai da na motocin da muke hawa zuwa ofis, kuma ba turbo. Amma yana juyawa har sau 9,000 a minti, inda yawancin motoci suke gajiya tun wajen 6,500, kuma wanda aka sayar a Japan yana ba da ƙarfin doki 250. A cikin motocin kasuwa marasa turbo babu wadda ta fitar da ƙarfi haka daga kowace lita sai da Ferrari ta fito da 458, shekara goma bayan nan. An tura injin baya, bayan layin tayoyin gaba, don nauyi ya rabu daidai tsakanin gaba da baya. Tayoyin baya ne suke tura ta. Giya shida ce ta hannu, kuma har aka daina ƙera ta a 2009 ba a taɓa yin mai giyar otomatik ba ko guda. Duka-duka kimanin 110,000 aka yi, fiye da rabi suka tafi Amurka.

Ya ce in taka kulaci in murza makulli, sannan in danna wani jan maɓalli a gefen sitiyari. Inji ya tashi. A tsaye ƙararta ba ta da wani abin mamaki. Sai da ya fita da ni kan titi, allurar lantarkin da ke gabansa ta haura 6,000, na ji murya ta sauya ta zama wata ƙara mai kaifi, bayana ya manne da kujera. Iska tana dukan kaina, hulata na riƙe a cinya. Da muka dawo na kasa ɓoye murnata, har Yaya yana tambaya ko an ba ni kyautarta ne.

Ranar Alhamis ita ce ranar gwanjon USS Tokyo, wanda yake garin Noda a jihar Chiba, garin da aka fi sani da kamfanin miyar waken suya na Kikkoman. Sai mai rajista yake shiga, don haka muka zauna a ofishin mai masaukinmu gaban kwamfuta, yaronsa kuma yana can cikin fili yana duba motoci yana turo hotuna. Motoci sama da dubu goma suke wucewa a yini ɗaya, layi-layi, kowace ba ta wuce 'yan daƙiƙu a allo. Ba a cewa albarka, ba a kama hannu a ja mutum gefe. Maɓalli kawai ake dannawa, lamba tana hawa, ta tsaya, an wuce.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina takardar da ke bin kowace mota ce. Mai binciken kasuwar, wanda ba shi da riba a cinikin, yana zana hoton motar ya sa alama a duk inda ta ƙuje ko ta loɓa, ya rubuta kilomitar da ta ci, ya ba ta maki: 5, ko 4.5, ko 4, ana sauka. Wadda ta taɓa haɗari har aka taɓa ƙashinta sai a sa mata harafin R. A ranar S2000 biyu suka wuce ta gabanmu. Ɗaya mai R ce, an sauya mata salansa da ƙafafu, an ɗora mata ƙaton fiffike a baya. Ɗayar kuwa mai 4.5 ce, komai nata na asali, da littafin sabis cike da hatimin gareji tun daga shekarar farko. Kuɗin ta biyun ya kusa ninka na ta farkon.

Na daɗe ina tunanin wannan. A gida, mai son ya sayar da mota sai ya kai ta a fesa mata sabon fenti, a sauya rigar kujera, wani ma ya sa a mayar da mita baya. Mai saye kuma ya zo da bakanikensa da maganaɗisu yana neman inda aka cika da foti. Kowa yana zargin kowa, farashi kuma yana sauka daidai da zargin. A nan fentin asali, ko da ya ɗan kode, ya fi sabon feshi daraja, domin shi ne shaidar cewa ba a ɓoye komai a ƙarƙashi ba. Mai ba da miliyoyi a kan tsohuwar mota yana biyan kuɗin ƙarfe, amma kaso mai yawa na kuɗin nan na tarihin da zai iya gaskatawa ne. Wannan amana a rubuce ita ce na yi wa kasuwarmu kwaɗayi fiye da motar kanta.

Mai masaukin ya lissafa mini abubuwan da yake sa yaronsa ya duba: yagewar rufi a wajen da yake naɗewa, tsatsa a bakin tayoyin baya, shan baƙin mai, da wata 'yar ƙara a sarƙar inji idan an tayar da safe. Ya ce na farko-farkon ba su da na'urar da ke hana santsi, kuma bayansu yana saurin juyawa a kwana idan direba bai iya ba, shi ya sa da yawa suka ƙare a jikin shinge. Wasu kuma samari sun kwance su sun mayar da su motocin tsere. Ga ɓarayi da suke son kujerunta da injinta. Kullum masu lafiya raguwa suke yi, kuma ba a ƙera wasu.

Buƙata kuwa ƙaruwa take. Yaran da suka ga motar a finafinan Fast and Furious na 2001 da 2003, suka tuƙa ta a wasan Gran Turismo, yanzu sun zama magidanta masu albashi. Sannan akwai dokar Amurka da ta ba da damar shigo da kowace mota idan ta cika shekara 25, ko da ba a ƙera ta bisa ƙa'idojin ƙasar ba. Ƙirar 1999 ta cika wannan sharaɗi a 2024, daidai shekarar da yen ya faɗi har dala ɗaya ta haura yen 160 a tsakiyar shekara. Ba'amurke mai dala sai ya ga kasuwar Japan ta zama araha. Mai ruwan azurfar nan ta cikin rumfa ma, in ji mai ita, jirgin ruwa take jira.

Yaya ya tambaya ko za a iya kai irinta Kano. Ba hali. Sitiyarinta a dama yake, mu kuma tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, kuma doka ba ta yarda a shigo da mai sitiyari a dama ba, ga ƙa'idar kwastam kan shekarun mota. Ko an samo ta Turai mai sitiyari a hagu, tudun rage gudu na farko a unguwarmu zai kankare mata ciki, ƙurar hunturu da ranar bazara kuma su gama da rufin.

Da Yaya ya shiga hidimar loda kwantena sai na ɗauki hanyar Tochigi ni kaɗai. Jirgin ƙasa mai gudun tsiya, Shinkansen, ya kai ni Utsunomiya daga Tokyo cikin ƙasa da awa ɗaya. Garin ya shahara da wani ɗan wake-waken fulawa mai cushe da nama da suke kira gyoza, ko'ina shagonsa ne, amma naman alade ake sawa, don haka na tsaya kan shinkafa da kifi. Daga nan mota ta bi da ni ta cikin gonakin shinkafa da aka girbe da duwatsu masu itatuwa da ganyensu ya fara ja, har Motegi, inda Honda take da filin tsere da gidan adana tarihinta. A bakin hanya na ga rumfar kayan lambu ba mai tsaro, sai akwatin da ake jefa kuɗi.

A gidan tarihin na ga kakannin motar: S500 ta 1963, da S600, da S800, ƙananan buɗaɗɗun motoci da Honda, kamfanin babur a lokacin, ta fara gwada sa'arta da su. Ta farkon ma da sarƙa ake juya tayoyinta na baya, irin ta babur. Bayan an daina S800 a 1970, Honda ba ta sake yin mota mai inji a gaba da turi a baya ba sai S2000, kuma tun 2009 ba ta yi mata magajiya ba. Dokokin hayaƙi sun tsananta, kamfanoni sun koma turbo da lantarki, masu sayen giyar hannu sun ragu. Tsaye a wurin na fahimci cewa tsadar ba ta hayaniyar 'yan kasuwa kaɗai ba ce. Abu ne da aka yi shi da kyau sau ɗaya, kuma da wuya a sake.

Sai dai akwai ɓangaren da bai kwanta mini ba. A 2008 da 2009 an yi wa Amurka wata ta musamman mai suna CR, ƙasa da guda 700. A 2022 aka sayar da ɗaya daga cikinsu a gwanjon intanet na Bring a Trailer kan dala 200,000, saboda mil 123 kacal ta taɓa yi. A canjin lokacin tafiyarmu kuɗin ya haura naira miliyan 300. Wanda ya saye ta ba zai iya tuƙa ta ba, domin kowane mil da ya ƙara asara ce. Ingarman doki ne aka ɗaure a turke ana yi masa ado, ba a taɓa ɗaura masa sirdi ba. Injiniyoyi sun ɓata shekaru don inji ya riƙa juyawa da ƙarfi, ita kuwa wannan mai tsadar wataƙila ba ta taɓa kaiwa ƙarshen juyinta ba. Wannan ya dame ni ƙwarai.

Ranar Lahadi da sassafe mai masaukin ya ɗauke mu zuwa Daikoku, wani wurin hutawar matafiya a kan babbar hanya a tashar ruwan Yokohama. Sai da mota ake shiga, hanyoyi sun naɗe a samansa hawa-hawa, kuma masu son motoci sun mayar da shi dandalinsu. Ferrari na nan, Porsche na nan, tsofaffin Nissan, ƙananan Mazda masu buɗaɗɗen kai a jere. Ba mai taɓa motar wani. Za a tsaya nesa kaɗan, a duƙa, a nemi izinin ɗaukar hoto.

A can ƙarshen layi muka tarar da wani dattijo kusa da S2000 rawaya, yana shan kofi daga gwangwani. Kujerar direban ta tsage a gefe, kan giyar ya goge har yana ƙyalli, duwatsun hanya sun yi wa bonet zane. Na gaishe shi, mai masaukin yana fassara. Ya ce sabuwa ya saye ta, kuma mitarta ta wuce kilomita dubu ɗari biyu. Na ce, "Baba, ba ta yi maka tsadar riƙo ba?" Ya yi dariya ya ƙirga mini da yatsu. Duk shekara biyu sai an kai ta binciken lafiyar mota na gwamnati, kuma ba arha ba ne. Da mota ta wuce shekara 13 harajinta ƙaruwa yake yi, ba raguwa ba. Ga kuɗin hayar wurin ajiya kowane wata, tunda a biranensu ba a yi maka rajistar mota sai ka nuna inda za ta kwana. Ya ce dillalai suna saƙala masa takarda a gilas suna neman ya sayar, shi kuma yana zubarwa. Rufin ya sauya, kulaci ya sauya, amma inji bai taɓa buɗewa ba, mai kawai yake sauyawa a kan lokaci. Ya buɗe wata 'yar ma'ajiya tsakanin kujeru ya fito da littafin sabis, gefensa duk ya lanƙwashe, ya miƙo mini da hannu biyu.

A takardar gwanjo motarsa ba za ta samu maki mai yawa ba. Amma cikin duk waɗanda na gani a Japan ita na fi so, domin ta yi aikin da aka ƙera ta don shi, kuma ba ta lalace ba. Kafin mu rabu ya je injin sayar da abin sha ya sayo mana shayi mai zafi gwangwani uku, ya ƙi karɓar ko yen ɗaya.

A hanyar komawa Narita muka yi ta maganar da Yaya. Na tuna masa Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, wadda ta ɗauki gwamnoni da amare da buhunan gero, na ce yau in ka nemi guda mai fentin asali da takardunta cikakku a Kano za ka sha yawo. A Turai 'yar'uwarta mai buɗaɗɗen kai, wadda kamfanin Pininfarina ya zana, tana cikin motocin da masu tarawa suke nema da kuɗi mai kauri. Namu kuwa an yanka, an auna, an narke. Yaya, wanda yankan mota ne abincinsa, ya yi shiru har muka wuce tasha biyu. Can ya juyo ya ce, "Kai, 504 ɗin nan ta marigayi maƙwabcinmu, wadda take ƙarƙashin darbejiya, ai mutum ɗaya ne ya hau ta tun tana sabuwa ko?" Na ce haka ne, kuma na san iyalin suna da takardunta. Ya ce, "To in mun sauka ka raka ni wajen magada, kafin 'yan gwangwan su riga mu."